Gidan da Ake Jiran Mutum Ya Gama Magana

Tun daga kasuwar Funtua har Dandume, ka zagayo ta Danja ka faɗa Kafur, ba a haifi mutumin da zai cuce ni a kan buhun hatsi ba. Wanda za a haifa ɗin ma, kakarsa ba ta yi wayo ba tukuna. Ni ne nake shaƙar iska daga tsallaken titi in ce wa mai masara, "Malam, gindin buhun nan naka akwai ƙwari," a zazzage a tarar da su har da jikokinsu suna zaman biki. Sana'ata ke nan tun ina saurayi: in sayi masara da dawa da waken suya da kaka, in ajiye, in fitar in sun yi daraja. Dokar sana'ar kuwa guda ce, kada ka yarda da bakin buhu, domin kowa a sama yake zuba mai kyau. Akwai wani ƙarfe mai rami da muke sokawa a gindin buhu, abin da ya biyo shi, shi ne gaskiyar kaya.

Abu na biyu da nake bugun ƙirji da shi shi ne ƙanena, autanmu. Na sha faɗa a majalisa cewa duk duniya ba wanda ya san Auta kamar ni. Kafin ya buɗe baki na san abin da zai ce, kafin ya kai hannu na san inda yake masa ƙaiƙayi.

Auta ya haura arba'in, gemunsa har ya fara furfura. Ya fi ni tsawo, ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, buhun da nake nishi in na kama kunnensa shi ɗaga shi yake kamar matashin kai. Amma Allah ya yi shi da sanyin fahimta. Wani likita ya taɓa ce wa Inna, mahaifiyarmu, jikinsa ne ya yi gaba ya bar ƙwaƙwalwar tana biyowa a hankali. Ba hauka ba ne, ko da yake mutanen gari ba sa wahalar da kansu wajen bambancewa. Ba ya duka, ba ya zagi, yana sallarsa in an tsaya kusa da shi. Lissafi ne dai babu, tsallaka titi babu, magana kuma sai ka ce daga rijiya mai zurfi yake jawo ta: kalma ɗaya, ya huta, sannan ta biyu. Mu kuwa gidanmu gidan surutu ne. Ni kaina abokan kasuwa cewa suke ni gidan rediyo ne, wai ko an ɗauke wuta ina kamawa. To wa zai tsaya jiran Auta? In ya ce "Ina son…" sai in ce "koko," a dama masa. In ya ce "Zan je…" sai in miƙa masa buta. Taimako ne, kuma ni ne gwanin taimakon.

Inna ce ta riƙe shi duk tsawon rayuwarsa a ƙauyenmu, ita ke wanke masa kaya, ita ke yanke masa farce. Da ciwon ajali ya kama ta da bazara, ta kama hannuna ta ce, "Ga ɗan'uwanka nan. Kada ya wulaƙanta." Ranar da ta cika, Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda maganarta ba ta taɓa faɗuwa ƙasa a danginmu ba, ta ce a janye Auta zuwa gidan maƙwabta kada ya ga makara, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Aka ce masa Inna ta yi tafiya. Duk muka ga hakan tausayi ne.

Na kawo shi gidana a Funtua, na ba shi ɗakin kusa da zaure, sabuwar katifa, ga fanka. Uwargida ta yi iyakar ƙoƙarinta, Allah ya sani, ga yara ga sana'arta ta ƙuli-ƙuli. Amma Auta sai ya mayar da ƙofar gida wurin zamansa, ya fuskanci titi tun safe har magariba. Duk sanda na dawo daga kasuwa zai ɗago ya ce, "Yaya… Inna ta…" sai in ce, "Ta yi tafiya, Auta, tana nan dawowa," in wuce ciki ina neman ruwan wanka. Abinci ya rage ci. Mutumin da wuyansa yake kamar turmi ya fara komawa kamar taɓarya.

Wanda ya san Funtua ya san mahaɗar manyan motoci ce, tirela da tanka ba sa barin kwalta ta huta. Wata ranar kasuwar Dandume ina tsakiyar ciniki uwargida ta kira ni tana kuka, Auta ya ɓace. Sai bayan azahar wani mai faci ya tsinto shi can bakin gari, a kan hanyar da ke zuwa ƙauyenmu, yana tafiya a tsakiyar titi. Mai facin ya ce wata tirela ta ja birkin da har yanzu kunnensa na ƙara. Ranar na san cewa gidana, da fankarsa da katifarsa, ba zai riƙe mini amanar Inna ba. Ni ba na zama, uwargida ba ta da ido a ƙeya, ƙulle shi kuwa ba zan iya ba.

Wani dillali abokina a Kafur ne ya ba ni labarin wani gida da ake kula da manya irin Auta, suna kwana suna tashi a can. Na ce masa na san irin gidajen nan: mari a ƙafa, bulala a rataye, ɗaki duhu, tuwo kamar dutse. Ya ce, "Alhaji, gani ya kori ji." Na ce to, ai ni da ƙarfena nake yawo.

Gidan yana tsakanin Malumfashi da Kafur, in ka sauka daga kwalta ka ɗan bi burji. Tsohon gidan gona ne aka ƙara masa ɗakuna, ɓangaren maza daban, na mata daban, kowane da masu kula da shi. Ga gonar masara a baya, ga darbejiya babba a tsakar gida. Mai gidan wata Hajiya ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta ajiye aiki, gajeruwa mai tabarau, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tayar da jariri. An ce ita ma ta haifi ɗa irin Auta, ta raine shi har Allah ya karɓi abinsa.

Ranar da na kai Auta, muna zama na kunna rediyon bakina. Na ce, "Hajiya, bari in sauƙaƙa muku aiki. Ba ya shan shayi sai koko. Ba ya cin yaji. Yana tsoron dabbobi, ko ɗan akuya ya gani sai ya ɓuya. Shuɗin kaya yake so. Magana kuwa kada ku wahalar da kanku, in akwai tambaya ku kira ni a waya, ni ne bakinsa."

Ta saurare ni har na kai aya, abin da ba kowa yake iyawa ba. Ta ce, "Mun gode, Alhaji." Sannan ta juya ta ce, "Malam, sannu da zuwa. Shayi za a kawo maka ko koko?"

Sai da na waiwaya in ga wane malami ne ya shigo. Ashe da Auta take.

Na ce, "Koko."

Ta ce, "Alhaji, taka tambayar tana zuwa. Shi na tambaya."

Aka yi shiru. Jama'a, ban taɓa jin shiru mai tsawon wannan ba. Ina jin a cikinsa wata kaza ta yi ƙwai ta kwanta ta ƙyanƙyashe. Auta ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya dubi Hajiya. Ita kuwa ta ɗora hannu kan gwiwa kamar ba ta da sauran aiki a duniya.

Ya ce, "Sha… shayi."

Na ce, "Baƙunta ce, Hajiya. Kunya yake ji."

Ta ce, "Yana iya yiwuwa. Amma a gidan nan ba a ƙarasa wa mutum magana. Ita ce babbar dokarmu. Ni kaina in na karya ana tuna mini."

Aka kawo shayi, Auta ya shanye har da ɗaga kofi sama yana jiran ɗigon ƙarshe. Na ce a raina, bakin buhu ke nan, sai mun ga gindi.

Da labari ya kai wa Gwaggo cewa na bar shi a can, ba ta aiko ba, da kanta ta zo Funtua a bayan acaɓa. Tun daga zaure take cewa, "Kai, ɗan nan! Hannunka yana ruɓewa ka yanke ka yar? Ƙasar kabarin uwarku ba ta bushe ba, ka kai mata ɗa gidan mahaukata? Abin da mutane za su ce fa?" Na rarrashe ta, uwargida ta rarrashe ta, da ƙyar muka tsayar da magana: a bar shi zuwa kaka. In an cire masara za ta je da ƙafarta ta ɗauko shi, ko ya zauna wurinta a ƙauye ko ya koma wurina. Gwaggo kuwa ta tsufa, da ƙyar take ɗaukar butarta, gidana kuma ga titi. Duk inda na juya maganar, tirelar nan nake gani. Amma in da gaske wulaƙanci yake sha a can, ai gara titin. Sai na ƙudurta zan soki gidan nan ta kowane gefe kafin kaka.

Ranar da ake zuwa ziyara ba na zuwa, wannan ranar bakin buhu ce. Sai in ɓullo musu ranar da ba su zata ba. Zuwana na farko damina ta zauna, masara ta fara goyo. Na ce wa ɗan acaɓa ya sauke ni nesa, na tattare babbar riga na kutsa ta cikin gona don in shigo ta baya. An yi ruwa da safe. Ban yi nisa ba kunyar masara ta zame da ni, na zauna daɓas a cikin kwari, takalmi ɗaya ya tafi yawon duniya. Ina ƙoƙarin tashi sai na ga mutane tsaye a kaina da fartanya. Wani dattijo daga cikin mazauna gidan, wanda kowa ke kira Baba, ya durƙusa ya ce, "Ranka… ya daɗe… an zo… lafiya?" Mai kula da ɓangaren maza, wani magidanci mai sanyin hali da suke kira Malam, ya miƙo mini hannu yana danne dariya. Ya ce, "Alhaji, ƙofar gaba a buɗe take fa. Ba ma rufewa sai da magariba."

Ban bari kunya ta hana ni aiki ba. Na shiga ɗakin su Auta na shinshina kusurwa-kusurwa kamar ɓeran da ya sha yunwa. Na ɗaga katifa, na duba gidan sauro ko da huda. Na kama hannun Auta na duba farce, na leƙa bayan kunne, na ɗage ƙafar wandonsa ina neman shaidar mari a idon sawu. Babu. Har fason da ya zo da shi a diddige ya fara rufewa, wai kullum bayan wanka Malam yana tsaye kowa ya shafa mai da hannunsa. Da aka kawo abincin rana na ƙi kwanon da aka ba ni, na sa hannu a na Auta. Tuwon masara ne da miyar kuka, ba na sarauta ba ne amma da ɗumi, kuma an ji daddawa. Ina kallo ƙanena ya jawo gwangwanin yaji ya barbaɗa har miyar ta yi ja. Na ɗanɗana, hawaye ya zubo mini. Shi ko tari bai yi ba.

Na ce, "Auta, yaushe ka fara cin yaji?"

Malam ya ce, "Ranar da aka tambaye shi, Alhaji."

Kada wani ya ce na zama maroƙin gidan. Ƙarfena ya fito da tsakuwa. Kwanon rufin ɗaki ɗaya yana yoyo, bokiti suke tarawa. Rijiyar burtsatse ta taɓa lalacewa suka yi kwanaki suna ɗibo ruwa daga maƙwabta. Ma'aikata sun yi kaɗan, na taɓa tarar da Malam yana gyangyaɗi a tsaye kamar doki. Wata rana kuma na iske Auta sanye da rigar wani, ta ɗage masa har cibiya, kaya sun cakuɗe a wurin wanki. Ranar na yi ruwa na yi tsaki, na ce ɗan Inna ba ya sa kwance. Na shirya jin irin amsar 'yan kasuwa, wato rantsuwa da kame-kame. Hajiya ta ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Sakacinmu ne." Sai faɗan ya tsaya mini a maƙogwaro, don ban saba faɗa da wanda ya yarda da laifinsa ba. Da na dawo na tarar an ɗinka wa kowa zare mai launi a wuyan rigunansa, kowa shi ya zaɓi nasa. Auta, mai son shuɗi, ja ya zaɓa.

Batun tsoron dabbobi kuwa gara in faɗa da kaina kafin wani ya faɗa. Kowa a gidan yana da aikinsa gwargwadon ƙarfinsa, wani shara, wani tsintar wake, wani ban ruwan kaji. Auta aka ba shi ragon turke. Na tarar da shi yana dama masa dusa, ragon yana tura kai cikin hammatarsa. Ragon nan da na matsa kusa sai ya sunkuyar da kai ya yo kaina, ni ne na ɓuya a bayan Malam.

Akwai wani zama da suke yi bayan la'asar a gindin darbejiya. Maza su shimfiɗa tabarmi, kowa ya faɗi abin da ke ransa, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba ya iya magana ya nuna da hannu, a jira shi. Wata rana na yi jinkirin tafiya aka ce in zauna. Baba ya fara ba da labarin kazar da ta shiga ɗakin girki. Tun daga kalmar farko na hango ƙarshen labarin, amma Baba yana tafiya kamar mai hawan dutse da kaya. Cikina ya kumbura, kalmomi suka taru mini a baki kamar fasinjoji a ƙofar mota. Da na kasa sai na ce, "Sai ta kifar da miya ko?" Duk suka juyo suka zuba mini ido, kamar wanda wayarsa ta saki kiɗa a sahun gaba. Baba ya ce, "A'a." Ya koma farkon labari. Ashe ƙwai ta yi a cikin hular mai dafa abinci. Dariyar da suka yi har wani ya kwanta.

Da layi ya zo kan Auta, bai dubi kowa ba sai ni.

Ya ce, "Yaya… Inna ta…"

Bakina ya buɗe da kansa, amsar nan da na saba tana kan harshe. Sai na ji hannun Malam a kan gwiwata, ya danna kaɗan. Na haɗiye. Ganyen darbejiya yana motsi, ragon yana tuƙa a turkensa, ba wanda ya yi ko tari.

"Inna ta… rasu… ko?"

Ranar gidan rediyo ya ɗauke da gaske. Na ce, "Ta rasu, Auta."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na ji… kuka… ranar." Ya huta. "Ban yi mata… addu'a ba." Ya sake hutawa, yana murza bakin rigarsa. "Na tafi… hanya… ta ɓace."

Sai a lokacin na gane inda ya nufa ranar da tirela ta kusa ɗauke shi. Ba tarar motar Inna ya je yi ba. Kabarinta yake nema. Duk watannin nan tambaya ɗaya yake ta farawa a ƙofar gidana, ni kuma ina datse ta a tsakiya.

Baba ne ya fara ɗaga hannu ya ce, "Allah… ya jiƙanta." Duk suka amsa da amin, har wanda ba ya magana ya shafa fuska. Da zan tafi Hajiya ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce a makon nan Auta ya yi wa Malam tambayar, ba su ce masa ta yi tafiya ba, ba su kuma riga ni ba, don maganar gidanmu ce, sun ce ya tambayi yayansa. Ta ce, "Ina shirin kiranka ke nan sai ga ka. Yau ma ta ƙofa ka shigo, an samu ci gaba."

Washegari na zo da mota muka tafi ƙauye, ni da Auta da Malam. Ban bi ta ƙofar gidan Gwaggo ba, don ina son raina. Muka wuce maƙabarta kai tsaye. Na nuna masa wurin. Ya durƙusa ya cire ciyawar da ta fito a gefe ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗaga hannu ya fara Fatiha. A hankali ya karanta ta, yana tsayawa yana ci gaba. Rana tana dukan ƙeyata, tururuwa tana hawa ƙafata, amma ban ja masa baƙi ko ɗaya ba. Ya kai ƙarshe da kansa. Ya shafa, ya tashi, ya ce, "Mu je… rago… bai ci ba."

Tun daga ranar Malam ya ce Auta ya daina kallon ƙofa. Wuyan ya fara komawa turmi.

Kaka ta yi, aka karya masara, Gwaggo ba ta manta ba. Ta sa na ɗauko ta, ta shigo mota da babbar jaka fanko wadda za ta zubo kayansa. Tun daga Funtua har Malumfashi ba ta ce mini uffan ba sai tsaki, kowane rami a titi da nasa tsakin. Da muka isa na ga binciken da ya fi nawa. Ni ƙarfe nake sokawa, Gwaggo zazzage buhun take yi gaba ɗaya. Ta shiga ɗakin girki ta buɗe tukwane, ta shafa gindin kwanuka da yatsa, ta leƙa makewayi, ta shinshina bargo. Hajiya tana biye da ita tana cewa, "Ga nan ma, Gwaggo, ba ki duba nan ba." Ta ga bokitin yoyo ta ce, "Wannan fa?" Hajiya ta ce, "Shi ne abin kunyarmu, in an sayar da masara za a gyara."

Muka same su a tsakar gida suna ɓare masara, an tara ta tuli tana sheƙi a rana. Auta yana tsakiyarsu, ga zaren nan ja a wuyan rigarsa, ragonsa yana satar ɓawo a bayansa. Da ya ga Gwaggo ya tashi ya karkaɗe hannu, ya zo ya durƙusa.

Ya ce, "Gwaggo… sannu. Allah… ya jiƙan… Inna."

Gwaggo ta dube ni, kallon da in da a ce ashana ce da na kama da wuta. Sannan ta sake duban Auta, fuskarsa fes, idonsa a bushe. Sai ta zauna kan wani buhu ta ja mayafi ta rufe fuska. Muka ƙyale ta har ta gama.

Da ta share ido ta ce, "To. Na gani, ba a bar ka da yunwa ba. Amma naka naka ne. Tashi ka haɗa kayanka mu tafi gida."

Hajiya ta ce, "Gwaggo, ɗanku ne, ba mai hana ku. Amma da a tambaye shi." Ta juya wurin Auta ta ce, "Malam, ga Gwaggo ta zo. Kana so ka koma ƙauye wurinta, ko Funtua wurin Yaya, ko ka zauna nan? Duk wanda ka zaɓa daidai ne, ba mai fushi."

Aka shiga shirun nan. Ni na riga na saba, na kama leɓena da yatsu biyu. Gwaggo kuwa sabuwar shiga ce. Auta ya ce, "Ni… zan…" sai ta ce, "Zai bi ni mana, wa yake da shi da ya wuce…"

Baba ya ɗaga ɓawon masara sama ya ce, "Gwaggo… a bari… ya gama."

Tun da aka haife ni ban taɓa ganin wanda ya katse Gwaggo ya kwana lafiya ba. Mahaifinmu ma, da yake yayanta, lallaɓa ta yake yi. Sai ga shi ta rufe baki ruf, ta gyara zama a kan buhu kamar ɗaliba.

Auta ya ce, "Nan… zan zauna." Ya huta. "Juma'a… in je… gidan Yaya… in gaida Gwaggo… in dawo."

Gwaggo ta dube shi. Sannan ta ɗauki jakar nan ta ninke ta, ta sake ninkewa, ta cusa a hammata. Ta ce, "Ya faɗa da bakinsa. Wanda ya ce wani abu a gari, a turo mini shi." Ta juya wurin Hajiya ta ce, "Allah ya biya ku. Amma a gyara rufin nan, kuma miyar ku tana son kanwa."

Wani nauyi da nake ɗauke da shi tun ranar da Inna ta kama hannuna na ji ya sauka. Ni kuwa in nauyi ya sauka, baki ne yake tashi. Na miƙe na gyara hula na ce, "Jama'a, kun dai ji da kunnenku. Gidan Yaya ya fara ambata! Na faɗa muku mutumin nan ba ya iya mako bai gan ni ba. Tun yana goye ni ne madubinsa." Na dafa kafaɗarsa na ce, "Amma Auta, tsakani da Allah, gidana akwai fanka, akwai talabijin, ga nama ranar kasuwa. Nan rufi yana yoyo. Me ke nan wurin da babu a gidan Yayanka?"

Na sake kama leɓena, don kowa ya ga na iya doka. Auta ya sunkuyar da kai yana tunani, ya shafa bayan ragonsa, ya ɗago ya dube ni da tausayi, kamar mai tsoron kada ya ɓata mini rai.

Ya ce, "Yaya… a nan… kunnena… yana hutawa."